Birki da Idon Direba: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Wanda ya taɓa bi ta gaban Hubbaren Shehu a Sakkwato da hantsi ya san yadda wurin yake. A nan aka binne Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da ya rasu a 1817, kuma har yau baƙi ba su daina zuwa ziyara ba, daga garuruwan Najeriya da kuma ƙetaren iyaka ta Illela da Ƙonni. Bas ta tsaya ta sauke tsofaffi mata waɗanda hankalinsu yana kan ƙofar shiga, ba kan titi ba. Almajirai sun rugo. Ɗan kabu-kabu ya hango fasinja ya karya kan babur ba tare da ya waiga ba. Hanyoyin tsohon gari kuwa an shata su ne tun zamanin doki da jaki.

In tsautsayi ya afku a irin wannan wuri, maganar direba ba ta wuce biyu: ko "birki ya shanye", ko "wallahi kwatsam yaron ya hito". Akan samu ranar da birkin ya shanye da gaske. Amma sau da yawa birkin lafiyarsa lau, an dai taka shi ne bayan lokaci ya ƙure.

Ga yadda lissafin yake. Daga sa'ar da ido ya ga abu zuwa sa'ar da ƙafa ta bar totur ta sauka kan birki, mutum mai lafiya wanda hankalinsa ke kan hanya yana cin kamar daƙiƙa ɗaya. Mai gajiya ko mai hira ya fi haka. A cikin wannan daƙiƙar mota ba ta rage komai ba. In tana gudun kilomita 30 a awa, ta ci mita 8. In kuwa 50 take yi, ta ci kusan mita 14. Sai bayan nan birki zai fara nasa aikin, kuma a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, mai gudun 30 yana buƙatar kamar mita 5, mai gudun 50 kuma kusan mita 14.

Ku haɗa ku gani. Na farko ya tsaya cak a mita 13, tsawon ƙananan motoci uku ke nan. Na biyu, a daidai wannan wurin, ƙafarsa ma ba ta kai kan birki ba. Yaron da ya fito daga bayan bas a mita 13, direba ɗaya zai leƙo ta taga ya yi masa faɗa ya wuce, ɗayan kuwa zai same shi da cikakken gudunsa. Dokar hanya ta Najeriya ta yarda da kilomita 50 a cikin gari, amma wannan iyaka ce ta sama, ba a rubuta ta don ƙofar Hubbare ba, balle gaban Masallacin Shehu ko na Sarkin Musulmi Bello ranar Juma'a an taso daga salla.

Abin da ya sa gudu ke yaudara shi ne nisan birki ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi. In ka ninka gudu biyu, nisan da birki ke buƙata ya ninku huɗu. Wanda mita 5 ta ishe shi a 30, a 60 sai ya nemi 20. Waya kuma tana da nata kason: duba saƙo na daƙiƙa biyu a gudun 50 daidai yake da tafiyar mita 28 ido a rufe.

To tunda daƙiƙar nan ta tsakanin gani da taka birki ce ke cin mutane, gwanin direba shi ne wanda ya iya rage ta. Tsofaffin direbobin tasha sun san dabarar ko da ba su sa mata suna ba. Ba bayan motar da ke gabansu kaɗai suke kallo ba, suna hangen mota ta uku da ta huɗu. In bas ta tsaya a gefe, sukan saci kallon ƙarƙashinta, domin ƙafafun mai shirin tsallakawa suna bayyana kafin kansa. In tayar gaban motar da aka ajiye ta karkata wajen titi kuma akwai mutum a ciki, fitowa zai yi. In wani ya ɗaga hannu a bakin hanya, keke napep ɗin da ke gabanka tsayawa zai yi nan take, kada ka jira sigina. Akuya ta tsallaka, 'ya'yanta na biye. Ƙwallo ta gangaro, mai ita na tafe a guje. Da zarar ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ɗage ƙafa daga totur ka rataye ta a saman birki ba tare da ka taka ba. Ka riga ka fara rage gudu, kuma in abin ya faru ka rage wa kanka wani ɓangare na daƙiƙar nan.

Tazara ma ana auna ta da lokaci. Ka zaɓi wata alama, turken wuta ko bishiya, in motar gabanka ta gifta ta ka ƙirga uku a hankali. In ka iso kafin ka gama, ka matse da yawa. A hazon hunturu ko ruwan sama, ninka ƙirgar. Ruwan farko na damina ya fi kowanne santsi, domin yana tarar da ƙurar watanni da baƙin mai a kan kwalta ya kwaɓa su. Rairayin da iska ke tarawa a kwana shi ma haka yake, musamman ga mai babur.

Su masu babur akwai wata al'ada da ta kama da yawansu: tsoron birkin hannu, wai yana kifar da mutum. Alhali in aka taka birki nauyi gaba yake komawa, don haka mafi yawan ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake. Abin da ke kayarwa shi ne cafkar sa da ƙarfi lokaci ɗaya, ko matsa shi ana cikin kwana. A matsa a hankali a riƙa ƙarawa, tare da na ƙafa. Wanda ya dogara da na ƙafa kawai, tayar baya za ta daskare ta riƙa jan ƙasa, babur na tafiya abinsa.

Motar da ke da ABS kuwa, in ka taka da ƙarfi ka ji birkin yana kakkarwa a tafin ƙafarka, ba lalacewa ya yi ba, aikinsa ke nan: yana kamawa yana saki don kada taya ta daskare, ka samu damar juya sitiyari. Kada ka ɗaga ƙafa.

Sai ranar da birkin ya shanye da gaske. Man birki yana shan danshi a hankali, kuma man da ya sha ruwa yana saurin tafasa. A zafin Afrilu na Sakkwato, da ma'auni ke wuce digiri 40, in aka yi ta taka birki da lodi, sai ka ji ƙafa ta nutse har ƙasa ba abin da ya kama. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a sauya man duk shekara biyu, ba a yi ta ƙari kawai ba. In man yana raguwa, ko fatar birki ta cinye ko akwai yoyo, a kai wa bakanike. Taya ma tana da ranar haihuwa a jikinta, lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, amma har gobe mai sayen ta gwanjo zanenta yake dubawa, bai damu da shekarunta ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da tsadar fetur ta ƙara wa ƙarfi tun da aka cire tallafi a 2023: sakin mota a firi a gangare, wasu har da kashe inji. A firi, inji ya daina taimaka maka wajen riƙe mota, duk nauyin ya koma kan birki. In kuma ka kashe shi, na'urar da ke sauƙaƙa taka birki daga injin take samun ƙarfinta. Taku ɗaya ko biyu za ta ba ka, na gaba sai ka ji kamar dutse ka taka, kuma a motoci da yawa sitiyarin ma yakan yi tauri a lokaci guda.

Manyan motoci nasu lissafin daban ne. Tirelar da ta ɗauko siminti daga Kalambaina tana ɗauke da nauyin ƙananan motoci fiye da ashirin, kuma birkinta na iska ne, yana ɗan jinkiri kafin ya kama. Filin nan da direbanta ya bari a gabansa yana tunkarar shataletale, wanda ɗan kabu-kabu ke gani ya faɗa ciki da fasinja biyu, shi ne wurin da ya tanada don tsayawa.