Yadda Na'urori Suka Leƙa Ƙarƙashin Tafkin Onondaga Kafin a Yashe Gubarsa

Idan ka buɗe manhajar taswira a wayarka, akwai wani ɗan ƙaramin ma'aunin maganaɗisu a cikinta da ke gane inda arewa take. Da babbar yayar wannan na'ura aka laluba tarihin da ke kwance a ƙasan wani tafki da ya taɓa shiga sahun mafiya gurɓata a Amurka.

Tafkin Onondaga yana gefen birnin Syracuse a jihar New York. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 12, zurfinsa kuma kusan mita 19. Tun daga 1884 masana'antar sinadarai ta Solvay ta kafu a kusa da shi, daga baya ta koma hannun kamfanin Allied Chemical. Tsakanin 1946 da 1970 an zuba wa tafkin zaiba, wato sinadarin makuri, kimanin kilo 75,000, ban da ruwan bahaya na birnin. An hana iyo a cikinsa tun 1940. A 1994 gwamnatin Amurka ta sanya shi cikin jerin gurɓatattun wuraren da dole a tsaftace, nauyin aikin kuma ya hau kan kamfanin Honeywell, magajin Allied.

Me ya sa ba a fara yasa kai tsaye ba?

Domin injin yasa ba ya bambance taɓo da tarihi. Duk abin da ya tarar, niƙe shi yake yi. Wannan tafki kuwa wuri ne mai tsarki ga al'ummar Onondaga, 'yan asalin ƙasar, kuma a ƙarni na 19 jiragen dakon gishiri da na 'yan shaƙatawa sun yi ta kai-kawo a kansa. Wata dokar Amurka ta 1966 ta wajabta a duba kayan tarihi kafin aikin da gwamnatin tarayya ke da hannu a ciki ya taɓa su. Shi ya sa aka gayyato masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa daga gidan tarihin jiragen ruwa na Tafkin Champlain.

Matsalar ita ce ruwan ba ya ganuwa sosai, taɓon ƙasansa kuma guba ne. Tura mai ninƙaya ya riƙa lalube da hannu kasada ce da lafiyarsa. A nan na'urori suka karɓi aikin.

Ta farko ita ce sona. Ana janta a bayan kwale-kwale tana harba sauti dama da hagu. Sauti yana gudun kusan mita 1,480 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, don haka daga lokacin da amon ya ɗauka kafin ya dawo, kwamfuta take zana hoton ƙasan tafkin. Abu mai tauri yana fitowa da haske, bayansa kuma inuwa, tsawon inuwar shi ke nuna tsayin abin.

Ta biyu ma'aunin maganaɗisu ne. Ƙarfe yana ɗan karkata maganaɗisun duniya a inda yake, saboda haka ko da taɓo ya binne tukunyar injin jirgi ko tarin ƙusoshi, na'urar za ta ji alamarsu.

Ta uku ƙaramin mutum-mutumi ne mai kyamara da fitila, kamar jirgi maras matuƙi, sai dai shi da igiya yake tafiya. Dalili kuwa siginar rediyo da ta GPS ba sa ratsa ruwa, don haka ta waya hoton yake hawowa, matsayin wurin kuma daga kwale-kwalen ake lissafa shi.

Binciken ya gano ragowar jiragen dakon kaya na katako da turakun tsoffin tashoshin jiragen ruwa, har da na wuraren shaƙatawa da suka daɗe da shuɗewa. An ɗauki hotuna da awo, an sa kowanne a taswira, masu tsara aikin suka san abin da ke gabansu.

Daga 2012 zuwa 2014 an kwashe gurɓataccen taɓo kimanin kubik mita miliyan 1.7, sannan aka lulluɓe eka 475 na ƙasan tafkin da sabon yashi da sauran kayan rufi, aikin da ya kammala a 2016. Wurin da aka yashe ba zai sake komawa yadda yake a da ba. Hotunan sona da bidiyon da aka adana su ne shaidar da ta rage a hannun masu bincike na gobe.