Kada Fentin Salansa Ya Zama Gyaran Gangar Abzinawa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in gargaɗi 'yan'uwana akawuna da malamai masu hawan babur.

Ni mazaunin Wusasa ne, kusa da dutsen Kufena, kullum da babur nake shiga birnin Zariya aiki. Da damina ta wuce, na ga tsatsa ta fara cin salansata. Sai na sayo baƙin fenti irin na ƙofa, na shafe ta. Kafin in kai Ƙofar Doka ya yi bororo, yana hayaƙi, yana ɓarewa. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Wani dattijon bakanike ya bayyana mini dalili. Farin ƙarfen nan mai ƙyalli da aka dalaye salansa da shi, wanda ake kira kurom, sulɓi gare shi kamar madubi, fenti ba ya samun makama. Kuma zafin bututun kusa da inji yakan wuce digiri 300.

To, ga dabara. A kwance salansar, a goge ta da samfefa har ƙyallin ya mutu, amma a rufe hanci saboda ƙurar. A wanke maiƙon sarai. A fesa fenti mai jure wuta, shafi uku marasa kauri. In ya bushe, a mayar da ita, a ta da inji minti 10, a bari ya huce, a maimaita.

Amma wanda salansarsa ba ta yi tsatsa ba, ya ƙyale ta, gama ƙyallin nan shi ne garkuwarta. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Wassalam.

Naka,
Wani Akawu, Wusasa.