Adakar Matuƙan Jirgin Ruwa Na Ƙasar Japan

Yau zan ba ku labarin wata irin adaka ta mutanen Japan, wadda suke kira funa-dansu, watau adakar jirgin ruwa. Akwai darasi a cikinta ga kowace uwargida da kowace 'yar makaranta.

A zamanin da ake kira Edo, daga 1603 zuwa 1868, da kuma 'yan shekaru bayansa, akwai jiragen fatauci masu filafilai da ke tashi daga birnin Osaka su nufi tsibirin Hokkaido can arewa. Sukan kai shinkafa da gishiri da auduga, su komo da kifi da wani ganyen teku da ake miya da shi. Sarkin jirgi shi ne falke, yana saye yana sayarwa a kowace tasha. Saboda haka kuɗinsa, da hatiminsa, da littafin lissafinsa, da takardar izinin tafiya, duk suna tare da shi bisa ruwa. In suka salwanta, to, wahalar shekara guda ta tafi a banza, iyali kuwa suna gida suna jira.

Don haka masassaƙa da maƙera na garuruwan bakin teku, kamar Sakata da Mikuni da Ogi na tsibirin Sado, suka ƙware a kan wannan adaka. Sukan yi jikinta da wani itace mai tauri, keyaki, su ɗaure ta da ƙarfe mai ado. Aljihunan ciki kuwa na wani itace ne mara nauyi, kiri, wanda in ya sha ruwa sai ya kumbura ya toshe kafofi, laima ba ta isa ga takarda ba. An ce ko jirgi ya nutse takan yi iyo. Wasu ma suna da ɓoyayyen aljihu wanda ɓarawo ba zai gane ba.

Iri uku ce. Kakesuzuri ta hatimi da kuɗi da kayan rubutu, cho-bako ta littattafan lissafi, hangai kuwa ta tufafi. Kowane abu da mazauninsa. Da jiragen hayaƙi da na ƙasa suka yawaita wajen ƙarshen ƙarni na 19, sai fataucin ya mutu. Yanzu ana ganin adakun a gidajen tarihi.

To, 'yar'uwa, ga tambaya. Ina takardar haihuwar yaranki, da ta gida, da shaidar makaranta? Ƙarƙashin katifa, inda gara da yoyon damina za su same su? Mutanen nan sun yi shiri tun ruwa na kwance. Ki nemi akwati mai makulli ko gwangwani mai murfi, ki tara su wuri ɗaya, ki ɗora bisa, nesa da ƙasa da murhu.

Allah ya kiyashe mu da hasara. Sai mako mai zuwa.