Wa ya ba ta sunan "asistan sosiyal"?

Ranar zubi ce, muna zaune kan tabarmi a gidan shugaba. Ma'aji ba ta ko buɗe akwati ba sai ga wata mata ta yi sallama, da jile a jikinta da babban kaye a hannu. Ta ce ita asistan sosiyal ce, an turo ta ta rubuta zawarawa da masu riƙon marayu, wai akwai taimako tafe. Kowace ta kawo dala ɗari kuɗin dosiye. Muka ba da. Wasu har da takardun haihuwar yara suka haɗa mata. Ɗaya daga cikinmu ma ta ja ta gefe ta kwance mata abin da ke tsakaninta da maigidanta, maganar da ko mu ba ta taɓa yi wa ba. Yau wata biyar ke nan, ba ita ba labarinta.

Dala ɗari ba ta kashe kowa. Takardun su ne ciwon, don duk wadda ta taɓa yin zarya neman wata takardar haihuwa ana gab da jarrabawar yaro ta san wuyarta. Ita kuwa ƴar'uwarmu, har yau ba ta san kunnen da maganarta ta faɗa ba.

Sunan nan shi ya buɗe mana baki, shi ya sa wasu ƙasashe suka sa masa doka. A Faransa tun 1946 ba mai amsa shi sai mai difuloma ta gwamnati, kuma dokar ta ɗaure ta da riƙon sirri: in ta fallasa abin da aka gaya mata a bakin aiki, kotu na iya hukunta ta. Ingila ta bi a 2005, inda amsa sunan don a ruɗi mutane alhali ba a cikin rajista ya zama laifi. Maƙwabtanmu na Najeriya sun kafa majalisar kula da wannan sana'a da dokar 2022.

A nan gida ma karatu ake yi kafin a samu sunan. Makarantar ENSP ta Yamai, wadda ke horar da ma'aikatan lafiya, tana cikin wuraren da ke yaye su. Galibi kuma suna da mazauni: a manyan asibitoci akwai ofishin da ake kira sabis sosiyal, can ake duba lamarin majinyacin da ba shi da halin biya. Wasu suna ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da mata da yara. Wanda ya yi shigar ma'aikaci don ya karɓe kuɗin mutane, damfara ya yi, jandarma da ƴan sanda na karɓar ƙararsa.

To, in baƙuwa ta zo fa? Mun zauna mun yanke shawara a ƙungiyarmu. A ba ta ruwa ta sha, sannan sakatariya ta nemi ganin takardar da aka turo ta da ita, mai hatimi da sa hannu. Ma'aikaci na gaskiya da ya fito rangadi yana ɗauke da ita, ba ya kuma jin haushi don an tambaya. A tambaye ta ko ta biya ta wajen maigari ko mai unguwa, a aika yaro ya tabbatar. In ta ce daga ONG take, meri ta san waɗanda ke aiki a komin. Da ta ambaci kuɗin rubuta suna, magana ta ƙare. Takardar asali kuma ba ta barin hannun mai ita, sai dai fotokofi.

Wata tsohuwa a cikinmu ta ce, "Yo mu da muke kai mai naƙuda likita da dare, muna sasanta kishiyoyi, an hana mu ke nan?" A'a, Inna. Ko a ƙasashen da muka ambata sunan aka tsare, ba a hana kowa taimakon maƙwabci ba. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 muke wannan aiki da ɗan asusun taimakonmu, ba mu taɓa buƙatar jile ba. Amma in lamari ya fi ƙarfinmu, kamar yarinyar da aka ci zarafinta ko jaririn da aka yar, mu raka mai abin har ofis, mu ga ma'aikaciyar zaune a kujerarta kafin a fara faɗa mata komai.