Daga Idenau zuwa Oron: jiran hadari ma yana cikin tafiya

Duk wanda ya san Idenau, can ƙarshen kwaltar da ta taso daga Limbe, ya san Hausawa ba baƙi ba ne a bakin ruwan nan. 'Yan kasuwarmu na shiga kwale-kwale mai inji su tsallaka Oron ko Kalaba a Najeriya, musamman tun da rikicin yankin masu Turancin Ingilishi ya sa hanyar Mamfe zuwa Ekok ta zama abin tsoro. Sai dai mu mutanen tudu ne. Mun san rafi, mun san kogi, amma teku daban yake, kuma yawancinmu ko iyo ba mu iya ba.

Gaɓar nan ba ta wasa da damina. Dutsen Kamaru, mai tsayin fiye da mita 4,000, yana tsaye dab da teku. Iskar da ke tasowa daga kudu maso yamma ɗauke da danshi tana cin karo da shi, sai ta juye ruwanta a gindinsa. Shi ya sa Debundscha, ƙauyen da ake wucewa kafin Idenau, ke samun ruwan sama wajen milimita 10,000 a shekara, kusan ninki goma na abin da Garwa ke samu. Daga Yuni zuwa Satumba abin ya fi tsanani.

A irin wannan lokaci, cikin dogon hutun makaranta, na raka yayana Oron. Kwana biyu muka yi a Idenau muna jira, matuƙin ya ce ba inda za shi. Rana ta uku da safe iska ta lafa, muka tashi. Bai yanki tsakiyar teku ba, gefen gaɓa ya riƙa bi, yadda kullum muna hango itatuwa ta hannun dama. Can gabas da rana sai sama ta haɗe, ruwan ya koma launin toka. Bai ce da kowa komai ba, ya karya kan jirgin zuwa wata mashiga a yankin Rio del Rey, ya ɗaure a sansanin masunta.

Nan wani dattijo mai kaya ya harzuƙa. "Haba, ɗan wannan hadarin? Kayana lalacewa za su yi, ga masu bashi na jira!" Yayana ya ce masa, "Alhaji, yi haƙuri. Kaya in sun lalace a sayi wasu, rai fa?"

Da na tambayi matuƙin cikin Turancin buroka, sai ya yi mini darasin da ban samu a kwalejin horon malamai ba. Ruwan teku kan cika ya janye sau biyu a kwana guda. Idan yana janyewa, ruwan kogi na gangarowa da ƙarfi, ya haɗu a bakin mashiga da igiyar da iska ta koro, sai igiyar ta miƙe kamar bango. Jirgin da aka cika da buhuna ba ya iya hawanta. Don haka ko iska ta tsaya, sai ruwa ya fara cika ake fita. A wurin muka kwana, muka ci busasshen kifi da garin rogo, washegari muka isa Oron lafiya.

Ba kowa ke dacewa haka ba. A watan Agustan 2019 wani jirgin fasinja da ya taso daga Kalaba zuwa Tiko ya kife kusa da Bakasi, aka rasa rayuka da dama. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Abin da na lura shi ne, sau da yawa mu fasinjoji ne ke matsa wa matuƙi ya tashi, don kowane kwana na jira asara ce ga mai ƙaramin jari. Gaskiya ne. Amma mai niyyar bin wannan hanya da damina ya sa kwana biyu ko uku na jira cikin lissafinsa tun daga gida, har da guzuri. Ya nemi rigar ceto ya ɗaura, ba ya zauna a kanta ba. In ya ga an cika jirgi har ruwa ya kusa bakinsa, ya sauka. Kuma in matuƙi ya ce yau ba tafiya, kada a canza shi da wanda ya ce zai tafi. Sauri kan haifi nawa, a teku kuwa abin da yake haifa ya wuce nawa.