Kirdadon Gwamnati A Kan Man Fetur: Cinikin Biri A Sama?

Malaman balaga sun ce labari shi ne zancen da ke iya zama gaskiya, yana kuma iya zama ƙarya. To, lissafin da gwamnati kan yi kowace shekara na man da za a haƙa labari ne, ya kamata a auna shi kafin a karɓa.

An sami mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. A zamanin Shugaba Obasanjo aka ƙudura cewa kafin 2010 Nijeriya za ta riƙa haƙo ganga miliyan 4 kowace rana. Shekarar ta zo ta wuce, ko miliyan 3 ba a kai ba. A 2016 aka gina kasafin kuɗi bisa ganga miliyan 2.2, sai masu ɗauke da makamai suka farfasa bututu a Neja Delta, haƙar ta faɗi ƙwarai. A 2022 aka rubuta miliyan 1.88, amma a watan Agusta da Satumba ɗanyen man da aka haƙa bai cika ganga miliyan 1 ba.

Ko ƙasashen Turawa ba su tsira ba. A 2014 hukumar ƙididdigar makamashi ta Amurka ta rage kirdadonta na man duwatsun Monterey da ke Kalifoniya daga ganga biliyan 13.7 zuwa miliyan 600.

Dalilan wannan saɓani a fili suke. Rijiyar mai tana raguwa idan ta tsufa, sai an zuba dukiya an haƙa sabuwa, kamfanoni kuwa sun ja da baya. Ga ɓarayin mai, ga kason da ƙungiyar OPEC ke yanka wa kowace ƙasa. Kuma abin da ke cikin ƙasa daban, abin da za a iya fitarwa da riba daban. Bugu da ƙari, mai mulki yana son adadi babba, domin da shi ake faɗaɗa kasafi, da shi ake samun masu ba da rance.

Idan man bai fito ba, giɓi ya auku, sai a ci bashi, dala ta yi wuya, naira ta faɗi. A nan abin yake iske falke a Kantin Kwari da almajiri a tsangaya, don atamfa da shinkafa duk sun hau.

Saboda haka, mai hankali idan ya ji adadin baɗi, sai ya tambayi na bara: nawa aka faɗa, nawa aka samu? Dillalin da ya san ciniki ba ya biyan kuɗin gyaɗa tana gona, sai ta hau sikeli. Wassalam.