Ceton Ƙwaƙwalwa a Sa'o'in Farko na Shanyewar Ɓarin Jiki

Galibin shanyewar ɓarin jiki na aukuwa ne sa'ad da gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da ƙwaƙwalwa. Wurin da jini ya yanke wa ƙaf yakan mutu cikin mintoci kaɗan. Amma kewaye da shi akwai yankin da suma kawai ya yi, yana samun ɗan jini ta ƙananan jijiyoyin gefe. Shi ne likitoci ke hanzarin cetowa. A 2006 Jeffrey Saver, wani likitan Amurka, ya ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen miliyan 1.9 ke mutuwa kowane minti.

Babban magani shi ne buɗe jijiyar. Allurar alteplase, wadda Amurka ta amince da ita a 1996, tana narkar da gudan, muddin ba a wuce awa 4 da rabi ba, kuma hoton CT ya nuna ba fashewar jijiya ba ce. Gwaje-gwajen 2015 kuwa sun tabbatar da amfanin zaro gudan da siririn bututu.

Kafin nan, akan sauke zazzaɓi, a daidaita sukari. Ba a gaggawar saukar da hawan jini, domin shi ke tura jini zuwa yankin da ya suma.

Saboda haka idan bakin mutum ya karkace a Ikara, Maƙarfi ko Kudan, hannunsa ya saki, wajibi ne iyalinsa su lura da lokacin. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin yana iya sarƙewa. A nufi Asibitin Koyarwa na Shika da shi nan take.